Hannun Malam Wada

Shekara tara Malam Wada yana ce wa ɗansa Mukhtaru ya zo ya karɓi wuridi a hannunsa, shekara tara Mukhtaru yana cewa, "To Baba, bayan Hajji."

Ba ƙi yake yi ba. Mukhtaru ba mutum ne mai ƙin maganar iyaye ba. Tasi yake tuƙawa a unguwar Hindawiyya ta Makka, in watan Hajji ya kama kuma sai ya ajiye motar ya tafi Mina, yana kai alhazai daga tanti zuwa wurin jifa yana dawo da su. Wuridin ɗariƙa kuwa, in ka karɓa ka karɓa ke nan har ranar mutuwa, safe da yamma, babu fashi. Shi kuma tsoro yake ji kada ya ɗauki alkawarin da zai saki a tsakiyar titi, fasinja yana zaune a baya yana duba agogo. Sai ya riƙa cewa bari aiki ya ɗan lafa. Aikin Makka kuwa ba ya lafawa. In Hajji ya wuce Umara ta shigo, in Umara ta yi sauƙi azumi ya iso.

Malam Wada tsire ya sayar shekara arba'in a bakin layinsu, amma a cikin gida muƙaddami ne, wato wanda aka ba izinin ya ba wasu wuridi. A hannun mahaifinsa ya karɓa, Malam Ɗaso, wanda ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya bi ta Cadi da Sudan, ya shekara goma sha ɗaya a hanya kafin ya ga Ɗakin Allah. Daga Malam Ɗaso zuwa Shehun ɗariƙa da ke kwance a birnin Fas akwai mutum tara, kowa ya karɓa a hannun na gabansa. Takardar da aka rubuta sunayensu ruwan teku ya cinye ta tun a ƙetarewa. Tun daga nan sunayen a ka suke. Malam Wada ba ya faɗin su a hira. Sai ranar da zai ba mutum wuridi, ya kama hannunsa, sannan ya jero su ɗaya bayan ɗaya.

A ɗakin ciki ake wazifa, bayan an rufe tagogi, an shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya. Lokacin da Mukhtaru yana ƙarami mutum goma sha huɗu ne ke kewaye ƙyallen. Yanzu saura uku: Malam Wada, da amininsa Baba Sabi'u, da wani tsoho da ba ya ji sosai.

Ciwon mantuwa a yaji ya fara nunawa. Malam Wada ya haɗa yajin tsire ya manta gishiri, washegari ya zuba sau biyu. Daga baya wata safiya aka same shi a unguwar Rusaifa yana tambayar mutane hanyar gidan da aka rushe shekara ashirin da suka wuce. Likita a mustashfa, wato asibiti, ya nuna musu hoton ƙwaƙwalwa, ya yi magana mai tsawo da Tahani, ƙanwar Mukhtaru, da yake ita a kantin magani take aiki. Da suka fito Mukhtaru ya tambaye ta me ya ce.

"Ya ce ba ya komawa baya, Yaya. Gaba kawai."

A ranar Mukhtaru ya yi alwala, ya shiga ɗakin ciki, ya durƙusa, ya miƙa hannu.

"Baba, na zo."

Malam Wada ya kalli hannun, ya juya shi, ya kalli tafin. "Me zan ba ka?"

Hankalin yakan dawo, amma ba ya sallama in zai zo. Sai a ga tsoho ya ɗaga kai ya kira kowa da sunansa, ya yi faɗa a kan takalman da aka bari a bakin ƙofa, bayan kamar kwata na awa ya sake dulmiya. Sau uku hakan ya faru a wata biyu, duka ukun Mukhtaru yana kan titi. Sau ɗaya ma yana kan hanyar Jidda, ya juyo da fasinja yana masifa, ya iso ya tarar da baban yana wasa da carbi kamar yaro.

Mahaifiyarsu, Inna Asiya, ita ta kawo maganar Fas.

"Tun ina amarya yake cewa baɗi zai je ya ziyarci Shehu. Duniya duka tana zuwa garinmu, shi bai taɓa wuce Madina ba. Ku kai shi. In ya ga wurin, wata ƙila kansa ya buɗe ya daɗe a buɗe."

"Ummi, likita bai ce haka ba," in ji Tahani.

"Likita ya taɓa zuwa Fas?"

Tahani ta ɗauko jawwal ɗinta, wato wayar hannu, ta fara duba jirgi. Ba a yi rabin awa ba ta fara nuna wa uwar hotunan abinci. "Shufi, Ummi, wannan sunanta tajin. Kuma in mun gama da Fas za mu je Marrakish, wallah ba zan yi wannan tafiyar duka don in zauna a masallaci ba."

"Ke dai ciki da kasuwa."

"Ni ce zan ɗauki jakar magani, dole a biya ni da abinci."

Ana jibi za su tashi Baba Sabi'u ya zo sallama. Ya zauna kusa da amininsa ya daɗe yana riƙe da gwiwarsa, sannan ya ce wa Mukhtaru, "Ɗan Malam, kada ka je gidan Shehu hannu rabbana. Mutumin Makka tsarabarsa ɗaya ce. Ka kai musu Zamzam." Da ƙyar da roƙo aka samu jarka ɗaya ta shiga jirgi.

Daga Jidda suka tashi, suka sauka Kasablanka, suka hau jirgin ƙasa zuwa Fas. Inna Asiya ta manne da taga tana kallon gonakin zaitun. Ita da aka haifa tsakanin duwatsu baƙaƙe, kore ya yi mata yawa a ido. "Wannan duka na mutum ɗaya ne?" Malam Wada kuwa barci ya yi ta yi, kansa a kafaɗar Mukhtaru.

Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga. Lunguna ne ƙanana, wasu in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, suna hawa suna gangara, alfadarai ɗauke da kaya suna ture mutane, masu su suna ihu a ba su hanya. Keken da suka zo da shi don tsoho bai yi taku ashirin ba ya maƙale a matakala. Mukhtaru ya naɗe shi, ya tsuguna, ya goyi mahaifinsa. Ya saba goya tsofaffin mutane a Mina. Bai taɓa goya wanda ba shi da nauyi kamar wannan ba.

Masaukinsu gida ne mai tsakar gida a buɗe, da ɗan famfo a tsakiya, bango duk ƙananan tayil shuɗi da kore. Mai gidan da ya ji daga Makka suke sai ya kama hannun Malam Wada ya sumbata, ya kama na Mukhtaru ma zai sumbata, Mukhtaru ya janye da kunya. Aka kawo shayi mai na'a-na'a, mai gidan yana ɗaga buta sama yana zubawa har ya yi kumfa. Aka kawo wata miya mai kauri da suke kira harira, da dabino a gefe. Sannan aka kawo wata waina mai faɗi, an barbaɗa mata sukari da kirfa. Inna Asiya ta gutsura ta tauna, ta tsaya.

"Tahani, me ke ciki?"

"Tattabara, Ummi. Bastila ke nan."

"Tattabara da sukari? Laifin me ta yi musu?"

Tahani ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Inna Asiya dai ta ƙara gutsura, ta ƙara, har ta cinye rabonta ta matso da na Mukhtaru. Shi bai ci wani abin kirki ba. Yana ba mahaifinsa harira a cokali yana kallon idonsa, ko akwai wani abu da ya motsa a ciki.

Kwana biyu suka yi suna yawo, don Inna Asiya ta ce a bar ziyara sai Juma'a, ranar da ake babban zikiri. Suka je majema, aka ba su ganyen na'a-na'a su toshe hanci. Suka bi layin maƙeran tagulla, inda ƙarar guduma ta sa Malam Wada ya rufe kunne. Tahani ta sayi tukunyar tajin ta ƙasa mai murfi kamar malafa, ta yi ciniki da Larabcin Hijaz, mai kanti yana amsawa da nasa, ba wanda ke gane rabin maganar ɗan'uwansa. A duk inda suka tsaya, in aka ji Makka, sai fuska ta canza, a ce su sa su a addu'a in sun koma.

A bakin zawiya, inda kabarin Shehu yake, suka haɗu da Zali, wani dattijo mutumin Damagaram da ya zo ziyarar mako biyu ya shekara uku. Shi ya ji Inna Asiya tana faɗa da Hausa ya juyo da sauri.

"Hajiya, daga wace ƙasa?"

"Daga Makka."

"Da wannan Hausar?"

"Can ma ana jin yunwa da Hausa, Malam."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mai masauki ya kawo kuskus a babban akushi, da kabewa da karas da naman rago a sama. Inna Asiya ta sa hannu ta murza. "Wannan ai burabusko ne ya samu wuri." Malam Wada ya ci da kansa ranar, loma biyar ko shida, abin da ya daɗe bai yi ba. Mukhtaru ya ga haka, ya fara sa rai.

Bayan la'asar ya goyi tsoho, Tahani ta ɗauki jarka. A ƙofa mata suka bi ta ɓangarensu. Mukhtaru ya shiga da mahaifinsa har kusa da kabarin Shehu, ya zaunar da shi a jikin ginshiƙi. Fitilu suna rataye, ƙanshin turare ya cika wurin, mutanen Sanagal da Mali da Najeriya da 'yan gari suna shigowa suna zama sahu-sahu.

"Baba, nan Fas ne. Ga Shehu."

Malam Wada yana kallon yatsun ƙafarsa.

Mukhtaru ya jira. Ya sake faɗa. Da ya ga shiru sai ya ce wa Zali ya ɗan zauna da tsoho, zai karɓo jarka a wurin ƙanwarsa ya miƙa wa masu kula da zawiya, yanzu zai dawo.

Jarkar guda zai ba su, su san yadda za su yi da ita. Amma yana karɓar ta a farfajiya wani tsoho ya ga tambarin da ke jikinta, ya riƙe masa riga, ya nuna bakinsa. Kurɓi ɗaya yake so.

Tun Mukhtaru bai kai tsawon teburin tsire ba mahaifinsa yake gaya masa: mu maƙwabtan Ɗaki ne, ruwan nan ba namu ba ne, ajiya aka ba mu. Duk wanda ya ce maka ruwa, kada ka ce masa anjima. A Mina haka yake yi kowace shekara, ko yana tsakiyar cin abinci. Hannunsa ya buɗe murfin kafin ya yi tunani.

Tsohon nan ya sha, ya shafa sauran a fuska, ya ɗaga murya ya faɗi sunan ruwan. Nan take farfajiya ta motsa. Wani ya kawo kofin shayi, wani murfin buta, wani tafin hannunsa kawai. Mukhtaru ya samu kansa yana abin da ya fi iyawa a duniya, yana jera mutane, yana cewa a bar tsofaffi su fara, yana zuba kaɗan-kaɗan don ya kai ga kowa.

Zali ya leƙo daga ƙofa. "Baba na kiran ka."

"Ina zuwa."

Baba yakan kira shi sau goma a wuni, in ya zo ya tarar ba komai. Mukhtaru ya ci gaba da zubawa.

Wata tsohuwa ta kai gaba da ƙaramar kwalba mai ƙaramin baki. Tana magana tana nuna cikinta, tana nuna wani wuri can nesa. Abin da ya gane, 'yarta ce ke kwance. Hannunta yana rawa. Mukhtaru ya tsuguna, ya tallafe kwalbar da hannu ɗaya, ya karkata jarka a hankali don kada ɗigo ya zuba a ƙasa.

Zali ya sake fitowa, wannan karon da gudu, ba takalmi.

"Kai, taho maza! Ya san wurin! Yana kiran sunayen malamai!"

Mukhtaru ya ji. Duka ya ji. Kwalbar ta kai rabi, tsohuwa tana kallon ruwan yana hawa, leɓenta yana motsi. Da ya saki da ta faɗi. Ya ce a ransa, yanzu za ta cika. Ya cika ta, ya rufe mata, ya danƙa jarka a hannun wanda ke kusa, ya ruga.

Zikiri ya riga ya fara. Wurin da ya bari da fili yanzu gwiwa ce ke taɓa gwiwa. Ya riƙa tsallake mutane yana ba da haƙuri, wani ya riƙe masa ƙafa ya nuna masa ya zagaya. Da ya kai ginshiƙi ya zube a gaban mahaifinsa, ya kama hannunsa na dama da hannu biyu.

"Baba, ga ni. Mukhtaru ne. Na zo."

Hawaye bai bushe a gemun Malam Wada ba. Ya ɗago ya dube shi da fara'a, irin wadda yake yi wa mai sayen tsire.

"Sannu, samari. Kai ɗan gidan wa ne?"

Mukhtaru bai saki hannun ba har aka idar da zikiri, har aka kira magariba.

A waje Zali ya ba su labari, Inna Asiya tana jingine da bango. Ya ce fitar Mukhtaru ke da wuya tsoho ya ɗaga kai ya dubi fitilu, ya ce nan Fas ne. Ya yi wa Shehu sallama da cikakkiyar murya, ya yi kuka. Sannan ya waiga ya ce ina Mukhtaru, a kira shi, yau zan ba shi. Da aka daɗe sai ya fara jero sunayen shi kaɗai, yana ƙirgawa da yatsu, in ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Kamar mai riƙe da akuyoyi a bakin kasuwa, kada su watse," in ji Zali. "Sau uku ya jero. A na huɗu ya tsaya a tsakiya."

"Ka riƙe sunayen?" Mukhtaru ya tambaya.

Zali ya sunkuyar da kai. "Ɗaso. Da wani Mudassir mutumin Abeshe. Na ukun ina jin Balarabe ne. Hankalina yana ƙofa, ina duba ko ka taho."

Tahani ce ta fara magana, Hausa da Larabci suna hawa juna. "Ruwa, Yaya? Moya? Muka taho daga Makka har nan, ka tsaya rabon ruwa? Da sai ka ajiye jarkar, halas, su kashe juna a kai!"

"Ke, rufe bakinki," in ji Inna Asiya. "Wa ya koya masa?"

Washegari Zali ya kai Mukhtaru wurin wani babban muƙaddami na zawiya, mutum mai sanyin murya. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce wuridi ɗaya ne a kowane hannu, in Mukhtaru yana so a ba shi yanzu. Ya ma miƙo hannun. Mukhtaru ya kalli hannun, fari tas, mai laushi, babu tabon wuta ko ɗaya.

"Allah ya saka da alheri, Sidi. Baba ya ce shi zai ba ni."

Kwana huɗu suka ƙara. Kullum bayan asuba da bayan la'asar Mukhtaru yana goya tsoho ya kai shi jikin ginshiƙin nan, ya zauna a gabansa, ko alwala ba ya tashi ya sake. Malam Wada yana kallon yatsun ƙafarsa, wani lokaci ya yi gyangyaɗi. Tahani ba ta ƙara ambaton Marrakish ba. A rana ta ƙarshe ta sayo wa Mukhtaru waina mai zuma a takarda, ta ajiye masa a cinya, ta ce, "Ka ci, ya shekh, kai ma za mu goya ka ne?" Ya ci don ta daina kallon sa.

Suka dawo Makka da tukunyar tajin, da takalman fata masu tsini, da zaitun a roba, da shayin da Inna Asiya ta ce ba irin na nan ba ne. Maƙwabta suka yi ta shigowa sannu da zuwa. Inna Asiya tana ba su labarin tattabara mai sukari suna dariya. In aka tambaya ya Malam ya ga wurin, sai ta ce, "Ya gani, alhamdu lillahi," ta miƙa farantin zaitun.

Mukhtaru ya rufe tasi da tampol a bakin layi. Ya shimfiɗa tabarma a ɗakin ciki kusa da gadon mahaifinsa. Ko kanti aka aike shi, da gudu yake zuwa ya dawo. Mako ya wuce, wata ya wuce, na biyu ya bi shi. Hankalin bai ƙara dawowa ba, ko na minti ɗaya. Tahani ta ce likita ya ce haka yake yi, tazarar tana ƙara tsawo, daga nan sai a daina gani. Mukhtaru ya ce to.

Wata Juma'a Baba Sabi'u ya zo shi kaɗai. Tsohon da ba ya ji sosai an kwantar da shi a mustashfa. Mukhtaru ya rufe tagogi, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Baba Sabi'u ya ja wazifa da muryar da ke yankewa, Mukhtaru yana bi a hankali, Malam Wada yana jan zaren bargo. Da aka shafa, Baba Sabi'u ya daɗe bai tashi ba.

"Ɗan Malam, yarona zai mai da ni Jidda ƙarshen wata. Ya ce matakalar gidana ta fi ƙarfina. Gaskiyarsa ce."

"Baba Sabi'u, ranar da ya ba ka wuridi, ai ya jero maka sunayen."

"Ya jero. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ina kuka a lokacin, ban ji ko ɗaya ba." Ya yi ɗan murmushi. "Na ɗauka kullum yana nan."

Shi da kansa ya naɗe ƙyallen, ya ninka shi yadda Malam Wada ke ninkawa, ya ɗora a saman kabad.

Da azahar ta washegari jawwal ɗin Mukhtaru ya yi ƙara. Shugabansu ne na Mina, yana cewa an fara rubuta sunayen ma'aikatan bana, ya zo gobe da katinsa. Mukhtaru ya ce zai kira shi. Ya kife wayar a kan tabarma. Daga kicin ƙanshin tajin yana shigowa, Inna Asiya tana faɗa da Tahani a kan ta hana a zuba daddawa.

Ya yi alwala kamar kullum, ya durƙusa a bakin gado, ya sa hannunsa a cikin na mahaifinsa. Tabon wutar tsire suna nan a bayan hannun, fatar ta saki. Malam Wada ya buɗe ido ya dube shi, ya daɗe yana duban sa. Leɓensa ya motsa. Mukhtaru ya matso da kunne, ya riƙe numfashi.

"Samari, a taimaka mini da ruwa."

Jarkar Zamzam ta gida tana nan a gindin gado. Mukhtaru ya zuba a kofi, ya tallafo kan tsoho, ya ba shi a hankali har ya ƙoshi, ya goge masa gemu da bakin rigarsa.

Malam Wada ya yi ajiyar zuciya. "Ka ga ba ka ce mini anjima ba. Allah ya yi wa ubanka albarka, ya iya tarbiyya."

"Amin, Baba."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"To ka gaishe shi."

Ya juya fuska bango. Mukhtaru ya ajiye kofin, ya mai da hannunsa inda yake, ya ci gaba da zama.